Bukin da Malam Bai Ce A Yi Ba

Ba zan taɓa mantawa da waccan Asabar ba, ko da na so, domin mutanen unguwarmu, Kilomita Biyar, ba su da niyyar bari in manta. Amma akwai tambayar da ta fi kunyar cin raina, kuma har yau ban samu mai amsa mini ba. Mutumin da muka yi shekara arba'in da ɗoriya tare, Hausa da safe, Hausa da yamma, ko faɗa za mu yi da Hausa muke yinsa, me ya sa da ya tashi barin duniya ya bar mini wasiyya da Faransanci?

(Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don kin yi boko. Rabi 'yata ce, ita ke riƙe da alƙalami, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na sa ta rubuta ne saboda labarin ya yi ƙafa a unguwa, har an fara cewa sa na yanka kuma na suma. Rago ne, kuma ban suma ba.)

Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ke da gidan kallon da ke bayan Titin Koudoukou, in ka wuce masu canji ka shiga lungu na biyu. Zaure ne babba mai rufin kwano, da benci goma sha biyu, da tele ɗaya, wato talabijin, a kan katako, da injin wuta a baya. Bango ɗaya ya raba shi da tsakar gidanmu, akwai ƙofa da labule a tsakani. Ni ban taɓa ƙetare labulen nan ba. Kullum cewa nake gidan kallo wurin 'yan zaman banza ne, manyan mutane da gemu suna ihu saboda wani ɗan Turai ya shuri fata. Gaskiya kuwa labulen yana da wata ɓula daidai tsayin idona, amma wannan ba ni na yi ta ba.

Da kaset ya fara, tun muna da ƙuruciya, fina-finan Indiya da na Hausa da direbobi ke kawo masa. Kaset ya wuce, faifai ya zo. Faifai ya wuce, ya hau kwano ya kafa faranti mai kama hoto daga sama, shi ne na farko a lungunmu. A shekarun da gari ya rikice, ba shiga ba fita, a zaurensa mutane ke taruwa su ga abin da duniya ke faɗi a kanmu. Sai ƙananan farantai suka cika Kasuwar Kilomita Biyar, kowane gida ya kafa nasa. Kafin a gama wannan, waya ta zo ta cinye kowa. Gidajen kallo biyu da ke kan titi suka rufe, suka koma shagon waya. Na Malam ya rage, benci rabi mutane rabi ƙura, sai in ranar babban wasa ce.

Kowace yamma shi da amininsa Malam Isa, tsohon direban babbar mota, suna zama bakin zaure suna tattauna wannan kasuwa kamar su ne masu kamfanin. Nakan jiyo su ta bango ina tankaɗe. Malam yakan ce, "Mutanen nan wayo gare su, Isa. Tukunya suke ba ka da araha, sannan su riƙa sayar maka da wuta kowane wata." Wata rana kuma ya ce, "Sun kasa tashoshi kamar mai tumatir, ƙaramin kashi, matsakaici, babba. Ƙwallo kuwa sai a babban kashi, sun san inda suka ɗaure mu." In aka jima ya koka cewa wasan wannan ƙasa yana hannun wannan kamfani, na waccan yana hannun wancan, mai zaure ɗaya sai ya yi wa sarki biyu fadanci.

To, wannan kashin tashoshin da ake biya duk wata, sunansa buke. Kalmar Faransawa ce. In wata ya cika ba a sabunta ba, sai su rufe hoto daga can inda suke. Yanzu na san wannan kamar sunana. A lokacin ban sani ba. Kuma mu a gidanmu, mutanen da kakanninsu suka fito daga wajen Maraɗi, ba biki muke cewa ba irin na Kanawa, buki muke cewa. Saboda haka duk sa'ad da na jiyo Malam yana cewa, "Isa, buke ya kusa ƙarewa," sai in taɓe baki in ce a raina, tsofaffi biyu ba aikin yi, kowane ƙarshen wata suna da bukin da ya kusa ƙarewa. Shekara da shekaru ina jin haka. Ban taɓa tambaya ba. Ina ruwana da bukin da ba a gayyace ni ba?

Ciwon Malam bai daɗe ba, kwana tara. Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune kusa da shi ina masa fifita, ya buɗe ido ya kama bakin zanena. Murya ta tafi, haƙoran gaba dama sun daɗe da tafiya. Ya ce kada in manta da buki. Haka kunnena ya ji. Na ce masa to, Malam, ba zan manta ba. Kafin azahar ya cika.

(Dakata, Rabi. Miƙo mini gefen mayafin can. Hularsa tana nan a ƙusar da ya rataye ta, ban bari an taɓa ba, kuma duk wanda ya ce wata huɗu da kwana goma sun isa mace ta gama kuka, bai zauna da mutum shekara arba'in ba. To, ci gaba.)

Duk tsawon takabata zaure a rufe yake, tele a lulluɓe da zanen da Malam ke rufa masa. Ni kuwa ina ɗaki ina juya wasiyyar nan. Wane buki? 'Ya'ya duk sun yi aure. Ba mai ciki a gidan. A ƙarshe na yanke wa kaina hukunci, so yake in an sake buɗe zauren a tara mutane, a ci a sha, a yi masa addu'a a wurin da ya ƙare rayuwarsa. Har na ji daɗi. Na ce ashe duk taurin kan nan, mutumin yana da zuciya.

Ina fita takaba, babban ɗana ya zo. Ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne, Magaji muke ce masa. Shi ke ɗauko kaya daga Kamaru. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Inna, akwai mai sayar da wayoyi da ke son zauren nan. Gidan kallo ya mutu tun kafin Baba ya rasu, shi ne dai bai yarda ba. Yanzu kowa tele ɗinsa na aljihunsa."

Na ce, "Ubanka ya bar wasiyya a yi buki a zauren."

"Buki? Baba? Mutumin da ko sunan jikokinsa sai an ja shi?"

"Da kunnena na ji."

Ya ce, "To, Inna, ki yi bukinki, ki buɗe rana ɗaya. Asabar ta sama akwai babban wasa, ranar zan dawo daga hanya. In benci sun cika, na bar zancen. In ba su cika ba, mai wayoyi zai karɓi mabuɗi, kada ki ce na yi miki rashin kunya." Ya tashi ya tafi Kamaru abinsa.

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zagin zauren nan, sai ga shi ba na iya barci saboda tsoron a mai da shi shagon waya. A can ƙamshin turarensa ya rage. A can bencin da ya gyara da hannunsa yake, mai ƙafa ɗaya gajere.

Na tashi tsaye. Na sayi rago. Na sa aka jiƙa shinkafar masa, aka tanadi ta dafawa, aka yi gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen dajin nan da ake ce wa koko, saboda maƙwabtanmu masu yaren Sango, kada su ce bukin Hausawa ne kawai. Na aika gayyata har unguwar Kokoro. Ranar Laraba da aka kawo wutar gari na shiga zauren ni kaɗai, karo na farko a rayuwata, na yaye zanen, na danna jan maɓalli yadda nake ganin Malam yana yi ta ɓular da ba ni na yi ba. Hoto ya fito garau. Ƙwallo ake bugawa, kuma wasa ne mai zafi, kowace ƙiftawar ido an zura a raga, ga kiɗa na tashi. Na ce alhamdu lillahi, tele lafiya lau. (Daga baya aka gaya mini tashar talla ce, ita ba sa rufe ta ko ka shekara ba ka biya ba, don ta riƙa ja maka rai. Ni na ɗauka 'yan wasan ne suka ƙware.)

Allah ma ya aiko mini da mai ceto, na kore shi. Ranar Alhamis Malam Isa ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce, "Hajiya, na ji za a buɗe zaure. An dai yi maganar buke ko?"

Na ce, "An yi, Malam Isa. Komai ya kammala. Har rago na saya."

Ya ce, "Rago?"

"Ƙato ma kuwa."

Ya shafa gemu ya ce, "To, Allah ya karɓa." Ya ɗauka sadaka ce daban. Ni kuma na koma ciki ina cewa wannan tsoho da kwaɗayi yake, tun Alhamis ya fara bin sawun nama.

Asabar bayan la'asar zaure ya cika har ya tumbatsa. Benci goma sha biyu ba masaka tsinke, wasu a tsaye jikin bango, wasu sun leƙo ta taga, 'yan babur sun jera baburansu a lungu har ba hanyar wucewa. Ana ta shiga da faranti, kowa hannu dumu-dumu da mai, masu Sango suna ta "singila mingi, Mama," wato godiya suke. Injin wuta na ruri a baya. Magaji ya iso ko wanka bai yi ba, ya tsaya bakin ƙofa yana bin benci da ido. Na gan shi, na yi kamar ban gan shi ba.

Na ɗaura sabon zane, na ɗaga labule na fito gaban maza. Malam Isa ya miƙo hannu zai karɓi rimot, na hana shi. Rimot ɗin Malam ne, a naɗe cikin ledar da ya naɗe shi, kuma na san maɓallan ƙwallo, na tsakiya a sama, sai na ƙasansa sau biyu. Na yi bisimilla na danna.

Allo ya yi baƙi ƙirin. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya, da farin rubutu layi uku.

Ni kuwa da na ga baƙin allo da farin rubutu a tsare, tsaf kamar takardar gidan gwamnati, sai zuciyata ta narke. Shekara nawa Malam yana hulɗa da kamfanin nan? Ai dole labari ya kai musu. Na juya na fuskanci jama'a, hawaye na zuba, na ce, "Jama'a, kun gani. Har mutanen tele sun ji rasuwar Malam. Sun tsayar da wasa sun aiko da ta'aziyya. Don Allah, kafin su saki hoto, a yi masa Fatiha."

Rabin mutanen da ke zauren nan sun iya karanta Faransanci. Amma tsohuwa ce a gabansu, jiya-jiya ta fita takaba, tana kuka, namanta kuma yana cikin bakinsu. Wa zai ce uffan? Sai kowa ya ajiye faranti ya ɗaga hannu. Aka karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, aka shafa. Na lura kafaɗun wasu na rawa, na ce Allah sarki, ashe haka ake son Malam a unguwar nan.

Da a nan na tsaya na koma bayan labule, da wani ya lallaɓa ya gyara abin, da an rufa mini asiri. Amma wanda Allah ya nufa da kunya, ko an rufe masa ƙofa sai ya haura katanga. Na ce, "Malam Isa, kai ne amininsa. Taso ka karanta mana da ƙarfi, kowa ya ji yadda aka girmama shi."

Ya ce, "Hajiya, mu shiga daga ciki in karanta miki."

"A'a, a nan. Abin alheri ba a ɓoye shi."

"Faransancin nan mai nauyi ne, Hajiya. Idona ma ya yi rauni."

"Ga madubinka nan a aljihu, ina hangensa."

Ya dubi Magaji, Magaji ya dubi rufin kwano. (Ke kuma, Rabi, kina tsakar gida kina juya masa a tanda, duk bokon naki bai amfane ni da komai ba ranar.) Malam Isa ya sa madubi a hankali kamar mai shirin shiga kabari, ya yi gyaran murya, ya ce, "Cewa suka yi, buken wannan gida ya ƙare. In ana son kallo, a je a sabunta."

Na ce, "Wane buki ne ya ƙare? Ko kan ragon ba a raba ba."

Wani daga bencin baya ne ya fara, wata irin ƙara kamar an taka akuya. Shi ke nan, zaure ya fashe. Manyan mutane suna riƙe ciki, wani ya sulale daga bencin nan mai gajeren ƙafa. Da ta lafa, sai wani ɗan albarka ya fassara wa na bakin taga da Sango, dariya ta sake tashi sabuwa daga waje ta shigo ciki. An yi mini dariya da harshe biyu, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye da rimot a hannu.

Magaji ya matso ya rage murya. "Inna, me Baba ya ce miki daidai?"

"Ya ce kada in manta da buki."

"Buki ya ce, ko buke?"

"To, ba duk ɗaya ba ne?"

Ya ɗora hannu biyu a ka. A tsaye a wurin, cikin jimla uku, ya bayyana mini abin da na ƙi tambaya shekara da shekaru. Ban san yadda na kai madafa ba. Na zauna kan turmi na yi kuka, kuma ba kukan kunya kaɗai ba ne. Wata huɗu ina rarrashin kaina da cewa numfashinsa na ƙarshe addu'a ya roƙa, da taron mutane. Ashe kuɗin tele yake tunani. Na ce, Malam, ko a bakin kabari sai da ka sa ni magana.

Magaji ya hau babur ya tafi wurin wakilin kamfanin, amma kafin hoto ya dawo an tashi wasa, sai wasu maza uku da kwat suna ta surutu a kan abin da ya riga ya wuce. Ni dai ina madafa ina jiran in ji ƙafafu suna watsewa. Ban ji ba. Ihu nake ji, kuma ihun ba a tare yake tashi ba, kusurwar dama ta yi, sai an jima ta hagu ta ɗauka. Ashe wayoyi suka fiddo, kai biyar kai shida a kan kowace, kuma wayar wani tana riga ta wani, har ana faɗa, ana cewa na dama su riƙa rufe baki suna ɓata wa mutane wasa.

Gab da magariba Magaji ya shigo ya tsuguna kusa da turmin. Ya ce, "Inna, benci sun cika."

Na ce, "Rago ne ya cika su. Kira mai wayoyinka."

"Nama ya ƙare tun ɗazu. Tele bai nuna wasan ba. Kowa da wasan a aljihunsa, gidansa kuma ba nisa, amma ba wanda ya tafi." Ya ɗan yi murmushi. "Baba ya sha gaya mini waya ba za ta ba ka wanda za ka tsokana ba in an ci ƙungiyarsa. Na ɗauka maganar tsufa ce."

Bai ba da mabuɗin ba. Amma kada a ɗauka na ci riba. Ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, a daren nan ya fito da sabuwar dabara, wai hoto kowa yana da shi, abin da babu a waya shi za a sayar. Yanzu duk Asabar da Lahadi akwai masa da shayi a zauren Malam, kuma sai ku canki wadda ke tashi tun asuba tana fama da tanda da wannan bayan nawa. Buke kuwa Magaji ke sabuntawa da kansa, ba ya ko bari in ji ranar. Sunana ya ɓace a unguwa. Hausawa na ce mini Hajiya Buki, matan kasuwa na ce mini Mama Buke, kuma duk ranar da hadari ya ɗauke hoto, sai na jiyo wani mara kunya ta bango yana cewa, "Jama'a, a yi Fatiha." Malam Isa har yau in ya gaishe ni ƙasa yake kallo, gemunsa na motsi.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. In ka ga rubutun da ba ka iya karantawa, bar shi ya faɗi abin da ke bakinsa, kada ka ara masa naka. In kuma mai madubi ya ce ku shiga daga ciki, ka bi shi.

Saura abu ɗaya, Rabi, kuma ko Magaji ban gaya wa ba. Kullum ina cewa Malam ne ya cuce ni da Faransanci, kuma ban janye ba, da ya ce kuɗin tele da duk wannan bai faru ba. Amma wasiyyar ba a nan ta tsaya ba, rabinta nake faɗa wa mutane. Bayan na ce masa to, bai saki zanena ba. Ya dube ni irin kallon nan nasa na gefen ido, kamar zai yi dariya ƙarfi ya gaza. Rubuta shi daidai, daga nan ki rufe littafin.

"Hajiya, kada ki manta da buke. In ba ki gane ba, ki tambayi Isa. Na san halinki, ba kya tambaya."